Ba a Yanka Mata Kafaɗa Ba

Shafi na 19

Ku da kuka cika min waya tun safe kuna cewa na bar ku a ƙofar asibiti na gudu, ku yi haƙuri, kabeji ba ya sayar da kansa a kasuwar Karatina. Ke kuma mai tambaya ko tsanar Thuita nake yi shi ya sa nake ɓata shi, e, na tsane shi, ban ɓoye ba. Karanta wannan shafin ki faɗa min abin da za ki yi masa in ke ce.

*

Kwana huɗu da rasuwar Gichuhi kafinta, saura biyu a binne shi, kwamitin jana'iza ya zauna a rumfar da aka kafa a tsakar gidansa. Ƙarfe biyu na rana ne. An gama maganar akwati, an gama ta mota, an gama ta matan da za su kirɓa dankali da masara. Abu ɗaya ya rage, ɗan littafin tarihin mamaci da ake bugawa da hotonsa a raba wa jama'a ranar binnewa.

Ni ce mai zuba shayi. Katangar kara ce kawai tsakanin gidana da nasu, don haka butar tana hannuna, kunnena kuma yana kan tebur.

Thuita, wan mamacin, ya miƙe da takarda. Shekara biyu Gichuhi yana jinya, sau ɗaya mutumin nan ya zo daga Nairobi, shi ma bai kashe motarsa ba. Yau shi ne mai gyara murya, shi ne mai share ido da farin hankici.

"Ya rasu ya bar mahaifiyarsa, Nyaguthi. Ya bar wansa, Thuita, da mai ɗakin wan nasa, da ƙanwarsa. Ya bar 'ya ɗaya." Ya ɗan yi tari. "Da abokiyar zamansa, Wamuyu."

Shayin da nake zuba wa Dattijo Karobia, shugaban kwamitin, ya cika kofi ya malala kan tebur.

Karobia ya ce, "Maimaita na ƙarshen."

"Abokiyar zamansa."

Na ajiye buta. Ban nemi izinin kowa ba, na shige falo inda Wamuyu ke zaune kan katifa a ƙasa, mata kewaye da ita. Na durƙusa na faɗa mata a kunne.

Ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙare tun a asibiti. Ta miƙe, ta ɗaure zani a kan baƙar rigarta, ta fita ba takalmi. 'Yarta Nyaguthi, mai shekara ashirin da uku, malamar firamare, ta bi bayanta.

Duk macen da ke kasa kaya a Karatina ta san abin da littafin nan yake nufi. In mutum ya zauna da mace ba takardar aure, ba a kuma cika al'ada ba, ranar da aka je gaban alƙali tambayarsa ɗaya ce: mutane da me suka san ku? Sai lauya ya zaro littafin jana'iza ya ce ga abin da dangi suka rubuta da hannunsu. Mun ga wadda kalma ɗaya a littafin ta bar ta a gidanta, mun ga wadda kalma ɗaya ta fitar da ita da buhun kayanta a ka. Thuita ma ya sani, don ba a banza aka gan shi ofishin lauya a Nyeri tun gawar ƙaninsa ba ta huce ba.

Wamuyu ta tsaya a gaban teburin.

"Baban Muthee, me ka rubuta a kaina?"

Bai ɗago ba. "Wamuyu, nan zaman maza ne. Koma ciki."

Kun ji? Ta kira shi da sunan ɗansa, kamar yadda ake girmama babba. Shi kuwa ya kira ta da sunanta tsirara, kamar yarinyar da aka aika sayen gishiri. Shekara ashirin da uku rabon da wani a ƙauyen nan ya ce mata wani abu ban da Maman Nyaguthi.

"Na ce me ka rubuta?"

"Gaskiya na rubuta."

"Karanta min gaskiyar a idona."

Ya cire tabarau, ya ajiye a hankali. "To, tunda kina so a gaban mutane. Kina da takardar aure?"

"Ba ni da ita."

"Coci ta ɗaura muku?"

"Ba ta ɗaura ba."

"An kai awaki gidan ubanki?"

"An kai biyu na neman gafara, ranar da na tare."

"Biyu na neman gafara." Ya yi dariya ta hanci. "Wannan ai na cewa mun san 'yarku tana wurinmu ne, kar ku je caji ofis cigiya. An yanka miki kafaɗa?"

Ta sunkuyar da kai.

A wurinmu kafaɗar rago ce hatimin aure. Miji ya riƙe wuƙa a gaban dangi biyu, ya yanki naman kafaɗar ya ba matarsa a baki. Daga ranar ta zama ta gidan har kabari. Wamuyu ta ci naman kafaɗar ƙannenta biyu da na ƙawayenta ba adadi, nata bai taɓa zuwa ba.

Thuita ya buɗe hannuwa ga jama'a. "Kun gani? Zo-mu-zauna ne. Kakanninmu ba su san shi ba, coci ba ta san shi ba. Ni da takarda na yi aurena, tana cikin gilashi a falona. In rubuta 'matarsa' in yi ƙarya a kan gawa?"

"Shekara ashirin da huɗu, Baban Muthee."

"Ko hamsin ne. Kujerar da ta daɗe a falo ba ta zama matar gida."

Na rantse muku da butar tana hannuna a lokacin, da yanzu daga gidan yari nake muku rubutun nan.

Wamuyu ta dafa tebur da hannu biyu. Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi.

"Lokacin da ubanku ya kwanta, wa ya juya shi wata bakwai? Kujera?"

"Wannan taimako ne, mun gode."

"Da aka aurar da ƙanwarku, wa aka sa ta tsaya a ƙofa da matan gida tana karɓar baƙi? Wa kuka ɗinka wa anko? Da hannunka ka miƙo min yadin, ka ce na matan gidan ubanku Mwaniki ne."

"Yadi ne, kowa ma an ba shi."

"Shekara ashirin da huɗu ina zama a bencin baya a coci. Ana tashi cin jibin Ubangiji ina sunkuyar da kai, don fasto ya ce sai mun gyara zamanmu. Na haɗiye. Ƙaninka ya ce in ba shi lokaci, na ba shi. Gwamnati ta ce kowa ya je ya yi rajistar aurensa, na guga masa riga, ya ce ba yanzu ba. Na haɗiye. Yau yana cikin firjin asibiti, kai kuma ka zo da biro za ka gama abin da ya fara?"

Karobia ya ce, "Maman Nyaguthi, zauna mu..."

"Ba zan zauna ba, Baba. Zaman ne ya kawo ni nan."

Ta juya ta kamo hannun 'yarta, ta jawo ta gaba.

"Ke, faɗa musu sunanki."

"Nyaguthi."

"Sunan wa kika ci?"

"Sunan Shosho."

Duk ido ya koma ƙarshen rumfa. Shosho, wato kaka a yarenmu, Nyaguthi babba, uwar Thuita da Gichuhi, tana can kan kujerar roba, shekara tamanin da huɗu, rigar sanyi biyu a jikinta da rana tsaka.

Wamuyu ta ce, "'Yar fari a gidan miji sunan uwar miji take ci. Wannan ko jariri ya sani. Da ni ba matar gidan nan ba ce, da sunan uwata Wakonyo za ta ci, a kira ta da sunana a baya, kamar duk 'yar da aka haifa ba uba a gida. Wa ya zo asibiti ranar da na haife ta? Wa ya tsaya a kaina ya rangaɗa guɗa huɗu ta 'ya mace har nas ta zo ta ce a yi shiru? Wa ya ce, na dawo duniya, ga ni an sake haihuwata?"

Wamuyu ta juya ga tsohuwar.

"Shosho, da ke nake. Wa kika yi wa guɗar? Abokiyar zama?"

Tsohuwar ta ƙura wa ƙasa ido.

Thuita ya ce, "Kar ki ja mahaifiyata cikin haukarki. Suna ai kowa yana iya ɗauka. Ƙanina mutum ne mai sanyin hali, kin sa ya sa, ya sa." Ya duba wayarsa, ya leƙa bakin ƙofar gida. Karo na uku ke nan ina ganin yana leƙa ƙofar, ban kawo komai a raina ba. "Tambaya ɗaya zan miki, in kin amsa na canza rubutun. In Gichuhi ya ɗauke ki mata, me ya hana shi yanka miki kafaɗa shekara ashirin da huɗu? Rago ya gagare shi? Mutumin da ya yi wa rabin ƙauyen nan ƙofofi?"

Nan ya same ta. Tambayar da take yi wa kanta ke nan tun tana da jaririya a baya, ta sha yi min ita a kan hanyar kasuwa, buhu a ka: Maman Ndirangu, me na rasa? Ni ma ban taɓa samun amsar ba.

"Ba ki da amsa," in ji Thuita. "Ni ina da ita. Ya san abin da ya ajiye."

"Ni na hana shi."

Muryar ta fito daga ƙarshen rumfa, a bushe.

Thuita ya juya ga uwarsa. "Maitu, ki huta, ba ki da lafiya."

"Na ce ni na hana shi. Kunnenka ne ba lafiya."

Shosho ta dogara sandarta ta miƙe. Jikarta ta yi saurin zuwa ta riƙe ta, ta ture hannun. Taku takwas ne zuwa teburin, sai da ta yi su ita kaɗai.

"Sau uku Gichuhi yana zuwa ɗakina. Na farko yarinyar nan tana rarrafe. Na biyu da ubanku ya mutu. Na uku bara, yana tari, da kyar yake tsayuwa. Ya ce, Maitu, ki bar ni in cika wa Wamuyu al'adarta kafin in tafi. Na riƙe ƙafarsa na ce ya rufa min asiri."

Wamuyu ta ce, "Asirin me?"

Tsohuwar ba ta kalle ta ba. Karobia ta kalla.

"Karobia, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka sani. Ɗa yana yanka wa matarsa kafaɗa alhali ubansa bai yanka wa uwarsa ba?"

Dattijon ya shafa gemu. "Ba ya yi. Sai an fara cika na uwar."

"To faɗa wa yaran nan. Ka ci naman kafaɗata?"

Karobia ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ban ci ba."

"Wani ya ci?"

"Ba wanda ya ci, Nyaguthi. Ba a yi ba."

Rumfar ta ɗauki guna-guni. Matan da suka biyo mu daga falo suka dafe baki. Matar Thuita, mai takarda a gilashi, ta zame ta zauna a kan buhun dankali.

Shosho ta ce, "Mijina Mwaniki ya fito daga sansanin da Turawa suka tsare su da wando ɗaya da haƙora shida a zube. Awakin ubansa an kwashe su tun zamanin dokar ta-ɓaci. Wa yake da rago a shekarar nan? Na ɗauki kwandona na bi shi, na zauna. Rabin matan da kuke kira iyaye a ƙauyen nan haka suka zo. Wasu an cika musu daga baya, da noman gahawa ya yi kuɗi. Ni Mwaniki ya ce baɗi, baɗi, har na yi furfura, har kowa ya ɗauka an yi. Na bar su da ɗaukarsu. Ni ce nake zama a gaba a bikin 'ya'yan mutane ina koya wa amare yadda ake karɓar nama."

"Maitu, ya isa."

"Bai isa ba. Kafin Gichuhi ya yi nasa, sai kun tara dangi kun kai rago gidan ubana kun ce, uwarmu ba a cika mata ba. Da tsufana. A gaban matan coci. Na ce masa gara in mutu tukuna. Sai ya riga ni."



Na ɗauka Wamuyu za ta rungume ta. Ku ma na san haka kuka ɗauka. Ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

"Ke ce?" Ta matsa kusa da tsohuwar. "Ni nake yanke miki farce. Ni nake dafa miki kunun gero ba sukari. Kina kallona ina zama a bencin baya. Kina ji ina yi wa ɗanki gori, ina ce masa bai ɗauke ni a bakin komai ba. Sati biyu kafin ya mutu na faɗa masa haka, Shosho. A gadon asibiti. Ya juya fuska bango bai ce komai ba. Ashe ke yake karewa."

"Ni ce."

"Kin bar ni na sallami mijina da baƙar magana."

"Na bar ki. Ba zan ce ki yafe ba, ban kai nan ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma mai biro. Me ka rubuta a kaina a littafin ubanka, shekara goma sha ɗaya da suka wuce?"

Shosho ta juya ga dattijon.

"Karobia, me ya rubuta?"

"Matarsa abin ƙaunarsa."

"Da wace takardar? Da wace kafaɗar? Gonar da kake taƙama ka gada, ta hannun wa ta biyo? In Wamuyu abokiyar zama ce, ni ma ita ce. In ita ce, kai ɗan gidan ubana ne, ba ɗan Mwaniki ba, ka tattara ka koma can su yanka maka gona. Zaɓi ɗaya. Ko ka rubuta mu mata mu biyu, ko ka goge mu mu biyu."

Ban taɓa ganin gumi ya keto wa mutum ta cikin kwat ba sai ranar. Karobia ya jawo takardar gabansa, ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a kan kalmomin biyu. Ya rubuta "matarsa" da manyan baƙaƙe, ya juya takardar don kowa ya gani.

"Kwamiti ya yarda?"

Aka ce an yarda. Har da waɗanda suka sha giyar Thuita jiya.

"To a kai wa mai bugawa yanzu, ƙarfe huɗu yake rufewa."

Wamuyu ta sauke numfashi, ta dafa kafaɗar 'yarta. A raina na ce an gama.

Sai ƙarar babur a ƙofar gida.

Wani mutum ya shigo da kwali biyu ɗaure da igiyar roba, ya sauke su a kan teburin, kusa da takardar Karobia.

"Ina Baban Muthee? Ga littattafan, an buga ɗari huɗu cif. Ɗari ɗaya daga ciki na ajiye a coci kamar yadda ka ce, fasto ya karɓa. Tun jiya da yamma muka buga."

Ba wanda ya motsa.

Karobia ya ce a hankali, "Tun jiya? To mu zaman me muke yi a nan, Thuita?"

Thuita ya mai da tabaransa. Kunyar da ta kama shi ɗazu ta riga ta wuce. "Lokaci ne ba mu da shi. Abin da aka buga an buga."

Nyaguthi ƙarama ta fizge igiyar, ta yage bakin kwalin, ta zaro ɗaya. Hoton ubanta a bango, da rigar da Wamuyu ta guga masa ranar da bai je rajista ba. Ta buɗe shafi na biyu. Na ga idonta ya wuce layin uwarta, don ta san abin da ke wurin. Sai ya tsaya a layin ƙasa.



Shosho ta ce, "Karanta min. Idona ba ya gani."

"Shosho..."

"Karanta."

"Ya bar 'ya ɗaya." Ta ɗora yatsa a kan layin. "Wakonyo Wamuyu."

Shi ya sa Thuita ya yi tari ɗazu bai faɗi sunan ba. Bai tsaya a kan uwar ba. Ya cire wa yarinyar sunan kakarta, ya cire mata na ubanta, ya mai da ita 'yar da aka haifa ba uba a gida. A littafin jana'izar ubanta, kwafi ɗari huɗu.

"Wannan ba sunana ba ne," in ji yarinyar. Ta kalli baffanta. "Baba Babba, kai ka biya min kuɗin littafi a aji ɗaya. Da wane suna ka kira ni?"

Ya kau da kai.

Shosho ta saki sandarta ta faɗi ƙasa.

"Ka cire sunana daga jikin jikata."

"Maitu, lauya ne ya ce..."

"Ina raye. Ina zaune a rumfar nan. Ka kashe ni a takarda ka binne tun jiya."

Ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, ta yar. Farin kanta ya fito fili. Ta cire rigar sanyi ta farko, ta yar. Ta cire ta biyu.

Karobia ne ya fara ganewa. Ya miƙe har kujerarsa ta kife. "Nyaguthi, kar ki yi. Don Allah kar ki yi."

Mazan suka fara juya baya, wasu suka fice ta bayan rumfa suna tuntuɓe da igiya. A ƙasar nan in uwa ta buɗe wa ɗanta jikin da ya fito daga ciki, da fushi, a gaban mutane, ba fasto ba dattijo da zai wanke shi. Har jikokinsa abin yake bi.

Matar Thuita ta zube a ƙasa tana kiran sunayen 'ya'yanta. Thuita ya ja baya har ya bugi sandar rumfa, ya rufe ido da hannu biyu.

"Buɗe idonka, ɗan Nairobi. Kalli abokiyar zaman ubanka."

Maɓallin rigarta na farko ya buɗe. Na biyu ya buɗe. Yatsunta suna kan na uku, sai ta tsaya, ta juyo.

"Maman Nyaguthi. Matar ɗana. Ke aka zalunta, ni da shi muka haɗu muka zalunce ki. In kin ce in bari, zan bari. In kin yi shiru, zan ƙarasa."

Thuita ya sauke hannunsa ɗaya. Ya zube gwiwa biyu a cikin shayin da ya zuba a ƙasa, yana kallon matar da ya kira kujera.

"Maman Nyaguthi," in ji shi. "Don Allah."

Wamuyu ta karɓi littafin daga hannun 'yarta. Ta kalli hoton Gichuhi, ta kalli layin da aka rubuta sunanta.

Ba ta ce komai ba tukuna, yatsan Shosho kuwa yana kan maɓalli na uku.